Abin Da Na Gani A Angkor Wat, Da Abin Da Na Aikata

Ran da na gaya wa Hajiya, mahaifiyata, cewa in an tashi daga taron 'yan jarida da aka tura ni a Phnom Penh, babban birnin ƙasar Kambodiya, ina da niyyar in wuce in ga wani tsohon ɗakin ibada da ake kira Angkor Wat, sai ta yi shiru a waya har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ta ce, "Ɗan nan, me zai kai Musulmi gidan gumaka?" Ba ta kama sunana, don ni ne ɗan fari, amma in ta ce "ɗan nan" da irin wannan murya na san ba wasa a cikin maganar. Na kawo mata hujjojin da na tanada, watau aikina ne in gani in ba da labari, malamai kuma ba su hana mutum ya je ya dubi kufan al'ummar da ta shuɗe ba. Ta ce, "To, Allah ya tsare. Amma kada ka rusuna wa kome, kada kuma salla ta wuce ka." Da waɗannan sharuɗɗa biyu na tafi, na kuwa cika su duka. Ramin da na faɗa ciki wani ne daban, wanda daga ni har ita babu wanda ya hango shi.

Cikin watan Janairu na 2024 ne. Daga Phnom Penh zuwa Siem Reap, garin da baƙi ke sauka, tafiyar mil 200 ce ba kaɗan, mota ta yi da mu kamar awa shida tsakanin fadamun shinkafa da aka riga aka girbe, da gidajen katako bisa dogayen ƙafafu. Ina sauka a tasha sai masu keke suka yi mini caa. Kekensu babur ne da aka ɗaura wa amalanke mai rumfa a baya, ɗan'uwan a-daidaita-sahu. Ina cikin neman hanyar kuɓuta sai na ji wani ya yi mini sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu. Hulata ya gani. Ashe mutumin Cham ne, wata ƙabila ta Musulmi da ke zaune a ƙasar tun ƙarnuka da dama. Turancinsa guntu-guntu, Larabcinmu ni da shi na makarantar allo, amma da haka muka yi ciniki, ya zama direbana. Tun da yamma ya kai ni na yanki takardar shiga, wadda aka buga hotona a kanta, dala 37 kuɗin wuni guda. Ɗan ƙasa kuwa ba ya biyan ko kwabo. Da na juya kuɗin zuwa naira a zuci sai na daina lissafi, don kada in fasa.

Al'adar masu yawon buɗe ido ita ce su yi sammako tun da duhu su kama wuri a bakin wani ɗan tafki, don su ga fitowar rana ta bayan hasumiyoyin. Mu kuwa sai da muka yi Asuba a masallacin unguwarsu direban tukuna, saboda haka ko da muka isa ɗaruruwan mutane sun riga sun yi sahu, kowa da wayarsa a sama. Ban yi baƙin ciki ba. Daga baya na tsaya, na ga sararin sama ya yi ja, hasumiyoyin nan suka fito baƙi ƙirin kamar tohon bado da bai buɗe ba. Na sha ganin hoton wurin, yana ma jikin tutar ƙasar, amma gani ya kori ji.

Bari in ɗan gaya wa mai karatu girman abin, don ya san ba ƙaramin gini ake magana ba. Gwalalo ne cike da ruwa ya kewaye shi, faɗinsa ya ɗara yadi 200, kewayensa kuwa ya fi mil 3. Ana tsallake shi ta gadar dutse, a shiga ƙofar yamma, sa'an nan a sake miƙa wata doguwar hanyar dutse kafin a kai ga ginin kansa, wanda yake hawa uku, kowane a cikin ɗan'uwansa. Hasumiya biyar ce a bisa, ta tsakiya tsawonta ƙafa 213 daga ƙasa. Duwatsun an sassaƙo su ne daga dutsen Kulen, tafiyar kamar mil 25, aka jera su babu siminti babu laka a tsakani, amma a wurare da yawa ko wuƙa ba ta shiga inda suka haɗu. Sarki Suryavarman na Biyu, wanda ya hau gadon sarautar Khmer cikin 1113, shi ya sa aka gina, ya keɓe wa Vishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar addinin Hindu. Hasumiyoyin suna kwatanta wani dutse da Hindu suka ɗauka shi ne tsakiyar duniya, gwalalon kuma teku. A kewayen wurin akwai birni da masana suka ƙiyasta, a wani bincike da aka buga cikin 2021, ya kai mutum 700,000 zuwa 900,000 a ƙarni na 13, suna rayuwa bisa madatsun ruwa da magudanai da suka haƙa da hannu. Gidajensu na katako ne da ciyawa, har fadar sarki ma katako ce, duk sun ruɓe. Dutse abin bauta kaɗai ake gina wa.

A ƙofar yamma na fara gane cewa ba kufai na zo ba. Akwai wani gunki tsaye mai hannu takwas, ya fi mutum biyu tsawo, an yafa masa zane mai ruwan zinariya, an kafa masa laima. Siffar Vishnu ce, amma mutanen wurin Ta Reach suke kiransa, suna ɗaukarsa mai tsaron wurin, masu kawo masa turare da ayaba kuwa mabiya Buddha ne. Na ga wani saurayi da budurwa cikin kayan aure sun durƙusa a gabansa. A jikin ginin nan kusa direban ya nuna mini ramukan harsashi na zamanin yaƙi.

Yadda abin ya juya shi ne, bayan mayaƙan Cham sun ci Angkor cikin 1177, sarkin da ya kore su, Jayavarman na Bakwai, mabiyin Buddha ne, ya gina sabon birni a arewa kaɗan. Sannu a hankali addinin Buddha ya mamaye ƙasar, Angkor Wat ma ya koma hannun ruhubanawansa masu mayafi ruwan goro. Ko da fada ta tashi ta koma kudu cikin ƙarni na 15, bayan yaƙe-yaƙe da mutanen Siyam, watau Tailan ta yau, daji ya cinye sauran birnin, wannan ɗakin ibada ba a taɓa barinsa ba ɗungum. Wani malamin Kirista Bafotugale, António da Madalena, ya zo ya gan shi cikin 1586. Wani Bajapane ya bar rubutu da tawada a jikin ginshiƙi cikin 1632, yana nan har yanzu. Duk da haka littattafai da yawa sun daɗe suna cewa Bafaranshe Henri Mouhot ne ya gano wurin cikin 1860. Da na karanta wannan sai na tuna yadda aka koya mana a firamare wai Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali masunta na jefa taru a cikinsa tun kakan kakanni. Mouhot ya tarar da ruhubanawa zaune a wurin, su ne ma masu share shi. Abin da ya yi shi ne ya rubuta labari mai daɗi, aka buga a Turai bayan rasuwarsa. Wannan kuwa ƙarfi ne da mu ma'aikatan jarida muka san shi, muka kuma san ɓarnarsa.

Zane-zanen da aka sassaƙa a bangon hawa na farko sun isa su cinye wa mutum wuni guda. Ga yaƙe-yaƙen tatsuniyoyin Indiya, ga sarki Suryavarman kansa zaune ƙarƙashin laimomi, rundunarsa na wucewa da giwaye, ga siffar azabar lahira yadda suka zace ta, ga kuma wani dogon zane na aljannu da abokan gābarsu suna jan maciji kamar igiya don su kaɗa teku. Siffofin mata kaɗai sun fi 1,700 a jikin ginin, kowace da irin kitsonta. Na bi su da sauri, ina ɗaukar hoto ina wucewa, don zuciyata na ga labarin da zan kai ofis, kuma na san edita ba dutse yake so ba, fuskar mutum yake so.

Tsakanin hawa na farko da na biyu akwai wani zaure mai siffar gicciye da ake kira Preah Poan, watau Buddha dubu, saboda yawan gumakan da masu ziyara suka tara a ciki cikin ɗaruruwan shekaru. Yanzu kaɗan suka rage. An kwashe wasu don a adana su lokacin da yaƙi ya ɓarke cikin 1970, wasu aka farfasa, wasu ɓarayi suka sare kawunansu suka sayar wa masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. Waɗanda suka rage, har marasa kan, an yafa musu zane, hayaƙin turare na tashi a gabansu.

A nan na gan ta. Tsohuwa ce ƙarama, kanta a aske ƙwal, farin zane da farar riga, ta zauna ta lanƙwashe ƙafafunta gefe guda a gaban wani gunki, tsinken turare uku tsakanin tafukanta. Wata yarinya 'yar kamar shekara goma na zaune a bayanta riƙe da leda. Hasken hantsi ya faɗo ta tsakanin ginshiƙai ya sauka daidai bisa fuskarta, leɓɓanta na motsi, hawaye na bin tamojin kumatunta. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na matsa, na tsuguna, na ƙara matsawa har tsakanina da ita bai fi kamu huɗu ba, na danna. Ƙarar ta yi amsa-kuwwa a cikin zauren. Na sake dannawa. A ta uku ta buɗe ido.

Ba ta yi faɗa ba, ko harara ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, sa'an nan ta soke turaren a cikin kaskon yashi, ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta kama hannun yarinyar suka fita. Yarinyar ce ta waiwayo sau ɗaya. Na tabbata tsohuwar ba ta gama abin da take faɗa ba, don na ga inda leɓɓanta suka tsaya.

Ina tsugune a wurin sai wani abu ya faɗo mini wanda na yi shekara fiye da ashirin ban tuna ba. Ina yaro, ran wata Salla a filin Idin garinmu, wani Bature ya zo kallon hawa, ya shigo tsakanin sahu da takalmansa yana ɗaukar mutane hoto suna sujada, ya tsaya a kan mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɗauke shi goshi a ƙasa. Da aka sallame Baba bai ce kome ba sai da muka kama hanyar gida, sa'an nan ya ce, "Wanda ya haifi wannan bai gama aikinsa ba." Ni ma da na fara aikin jarida na taɓa rubuta sharhi mai zafi a kan baƙin da ke ɗaukar ibadarmu abin kallo. Hausawa sun ce laifi tudu ne. Abin da ya fi damuna shi ne na san dalilin da ya sa hannuna bai yi nauyi ba. A zuciyata na riga na yanke cewa abin da take yi ba ibada ba ce ta gaskiya, saboda haka ba ta da hurumin da zan kiyaye. Har gobe ban yarda da abin da take bauta wa ba, ba kuma zan yarda ba. Amma hawayen nata ne, ba na gunkin ba, kuma ba a kaina ta zubar da su ba.

A wani lungu na zauren wani matashin malaminsu yana zaune bisa tabarma da kwanon ruwa a gabansa. Mutane na durƙusawa, ya yi musu karatu, ya yayyafa musu ruwa, ya ɗaura musu jan zare a wuyan hannu, su kuma su saka abin da ya sawwaƙa a akwati. Turawa ma na bin layi, suna dariya. Da na zo wucewa sai ya yafuto ni da hannu. An ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura, amma karin maganar nan tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce wadda Hajiya ta shata mini. Na dafa ƙirji, na girgiza kai. Ya dubi hulata, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya juya ga na bayana. Ko daƙiƙa biyar abin bai ɗauka ba. Na fita ina jin nauyinsa fiye da da ya matsa mini.

Na hau hawa na uku don kada a ce na zo ban hau ba. Matakalar katako ce aka ɗora bisa tsohuwar ta dutse, a miƙe kamar tsani, ana barin mutane kaɗan-kaɗan, wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke waje kuma ba ya hawa, a ranakun ibadarsu da ke bin lissafin wata ma rufe wurin ake yi. Mai gadi ya ce in cire hula. A wurinmu sa hula ne ladabi, a wurinsu cire ta. Na cire na sa a aljihu, don ban ga rusunawa a cikin wannan ba. A can sama, ƙofofi huɗu na ɗakin da Vishnu ya taɓa zama an toshe su tun ƙarnukan baya, an sassaƙa Buddha a tsaye a jikin kowace. Daga taga ana hango daji shimfiɗe har iyakar gani.

Da na komo wurin direban na nuna masa hoton, ina tsammanin zai yaba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mace mai aski da fararen kaya a ƙasarsu, ko dai ta bar duniya ta koma hidimar ɗakin ibada, ko kuwa tana makoki, tsofaffi masu shekarunta kuma da wuya ka sami wadda ba ta da wanda take yi wa kuka tun zamanin Pol Pot. Mai karatu zai tuna cewa 'yan Khmer Rouge sun kama mulki ran 17 ga Afrilu 1975, aka kore su ran 7 ga Janairu 1979, a tsakanin nan mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu suka hallaka ta kisa da yunwa da aikin tilas, a ƙasar da jama'arta ba ta kai miliyan takwas ba. Sun hana addini kowane iri. Ruhubanawa aka tuɓe musu mayafi aka kora su gona, aka mai da ɗakunan ibada rumbuna da gidajen yari. Musulmin Cham kuwa aka rushe masallatansu, aka ƙone littattafansu, aka tilasta musu cin naman alade, wanda ya ƙi a kashe shi. Cikin 2018 kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka kafa ta sami Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da laifin kisan ƙare-dangi a kan Cham. Direban ya ce kakansa na wajen uwa liman ne a wani ƙauye bakin kogin Mekong, an tafi da shi wata rana da dare, shi ke nan. Ya ce mahaifiyarsa da maƙwabciyarta mai bin Buddha rami guda suka haƙa a sansanin aiki, kwano guda suka ci. Ya miƙo mini kyamarar ya ce, "Ɗan'uwa, ka tambaye ta?" Na ce a'a. Bai ƙara cewa kome ba.

Na koma ciki na zaga zauren da farfajiyar, na leƙa har gidajen ruhubanawa biyu da ke cikin ganuwar, ɗaya kudu ɗaya arewa, inda na tarar da yara masu aski suna shanya mayafansu. Ban gan ta ba.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Tun da UNESCO ta sa Angkor cikin wuraren tarihi na duniya cikin 1992, baƙi suka yi ta ƙaruwa, har suka haura miliyan biyu da rabi cikin 2018. Daga 2022 hukuma ta shiga tayar da iyalai kimanin 10,000 da ke zaune cikin yankin zuwa wani sabon matsuguni mai suna Run Ta Ek. Hukuma ta ce da yardarsu suka tashi, don a kare wurin. Ƙungiyar Amnesty International kuwa, a rahotonta na Nuwamba 2023, ta ce korarsu aka yi da barazana. A hanya direban ya nuna mini filaye da sauran tubalin gidaje. Ni dai a nawa ganin, in aka kwashe masu kawo turare aka bar masu kawo dala, za a wayi gari an sami kufan nan da Mouhot bai tarar ba. Na rubuta wannan a littafina da ƙarfin zuciya, sa'an nan na tuna takardar dala 37 tana aljihuna.

Azahar ta same mu a bakin gwalalo ta waje. Muka yi alwala da ruwan gora, ya ciro tabarma daga ƙarƙashin kujerar keken ya shimfiɗa a inuwar wata itaciya. Mu da muka saba kiran alƙibla gabas, a can yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Angkor Wat ma yamma yake kallo, saɓanin yawancin gine-ginen Khmer. Saboda haka da muka tayar, hasumiyoyin na bayanmu. Ya ce in ja, na ce shi ne ɗan gari. Muna cikin raka'a ta biyu na ji motsin mutane sun zo wucewa, na ji sun yi shiru, sun kewaye ta bayanmu.

Da na komo Ikko, edita ya bi hotunan ɗaya-ɗaya, ya tsaya a kan nata, ya ce wannan ne na shafin farko. Na ce ba za a buga shi ba. Ya tambayi dalili, na gaya masa, ya ce ai ba za ta taɓa gani ba. Gaskiya ya faɗa. Muka yi ta ja har ya gaji, aka buga na hasumiyoyi, irin wanda kowa ke ɗauka. Amma kuma ban goge shi ba, in na ce na goge na yi ƙarya.

Da Ƙaramar Salla na je gida. Hajiya ta tambaye ni ko na rusuna, na ce a'a, ko salla ta wuce ni, na ce a'a. Na shiga nuna mata hotuna a waya, tana wuce gumakan da sauri tana ta'awizi, har ta zo kan tsohuwar. Ta kawo wayar kusa da idonta, ta daɗe.

Ta ce, "Wannan baiwar Allah rashi ta yi. Ɗa ne ko miji?"

Na ce ban tambaya ba.

Ta ce, "To da me kuka yi magana?"